Babi na Bakwai: Goge Huɗu da Baƙin da Suka Shigo Zaure

Me ya haɗa gogen Turawa da balafon ɗin Mali a dandamali ɗaya? Wanda ya saba ganin makaɗan kilasika a talabijin yana da hujjar yin wannan tambaya. Abin da ya sani shi ne mutum huɗu cikin baƙaƙen kwat, kowa ya ƙura wa takardar gabansa ido, suna kaɗa abin da wani Bajamushe ya rubuta shekara ɗari biyu da suka wuce, 'yan kallo kuwa sun yi tsit, ko tari ba mai yi. Sai ga shi yau ana ganin irin waɗannan makaɗa tare da zabiya daga Bamako, ko mai sitar daga Indiya, ko suna kaɗa waƙar rok da samarin Amurka suka taɓa yayi. Wasu na ganin ci gaba ne, wasu na ganin an zubar da girman sana'a don neman kasuwa. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san yadda aka gina katangar da ta raba nau'o'in kiɗa, da lokacin da aka gina ta, da abin da ke biyo baya idan an fasa ta.

Mene ne kiɗan ɗaki?

Kiɗan ɗaki kiɗa ne da aka rubuta don makaɗa kaɗan, daga biyu zuwa tara ko goma, kowane da layinsa wanda ba mai taya shi. A babbar ƙungiyar okestira ana iya samun masu bayolin goma sha shida suna jan layi ɗaya tare, ga madugu a tsaye da 'yar sanda yana ba da umarni. A nan kuwa babu madugu. Makaɗan na kallon juna, suna sauraren juna, ɗaga kai ko jan numfashi ya isa alamar a fara ko a sassauta. Wanda ya yi kuskure ba shi da bayan da zai laɓe.

Rukunin da ya fi shahara shi ne kwatet, wato goge huɗu: bayolin biyu, sai biyola wadda ta ɗan fi girma da kaurin murya, sai celo, babban da ake zama a riƙe tsakanin gwiwoyi. Kowane yana da tsirkiya huɗu, ana goga su da baka ko a fizge su da yatsa. Akwai kuma rukunin uku na piyano da bayolin da celo, da rukunin biyar na kayan busa, da sauransu.

Joseph Haydn, ɗan ƙasar Ostiriya da ya rayu daga 1732 zuwa 1809, shi ake ɗauka uban kwatet. Ya shafe kusan shekara talatin yana aiki a gidan sarautar Esterházy, yana rubuta abin da ubangidansa ke son ji, kuma ya bar kwatet fiye da sittin. A zamaninsa ba a zauren jama'a ake wannan kiɗa ba. A ɗakunan fada da falon attajirai ake yin sa, sau da yawa ma mai gidan da abokansa ne makaɗan, suna yi don jin daɗin kansu, masu sauraro ba su wuce 'yan tsiraru ba.

Tun farko ana aro

Kiɗan ɗaki bai taɓa ƙyamar aro ba. Kusan kowane kwatet na Haydn yana da sashe guda da aka gina bisa minuwet, rawar da ake takawa a bukukuwan wancan lokaci. A 1795 ya rubuta wani kiɗa na piyano da bayolin da celo, ya rufe shi da salon makaɗan kabilar Roma na ƙasar Hangari, mutanen da ke wasa a kasuwanni da gidajen shaƙatawa, waɗanda manyan gari ke jin daɗin kiɗansu amma ba su zama da su a tebur ɗaya. A 1806 Beethoven ya rubuta kwatet uku don Razumovsky, jakadan Rasha a Biyana, ya saka waƙoƙin gargajiyar Rasha cikin biyu daga cikinsu. Brahms ma ya koma ga salon Roma a ƙarshen wani kiɗan ɗaki da ya kammala a 1861. Babu wanda ya ce waɗannan manya sun ƙetare iyaka, domin iyakar ba ta riga ta yi tsauri ba.

Yadda aka gina katangar

Canjin ya soma ne sa'ad da kiɗan ya fito daga falo ya shiga kasuwa. A hunturun 1804 zuwa 1805 wani mai bayolin, Ignaz Schuppanzigh, ya fara shirya wasannin kwatet a Biyana waɗanda ake biyan kuɗi a shiga. Da tafiya ta yi tafiya cikin ƙarni na 19, sai sarakuna suka rage ɗaukar nauyin makaɗa, 'yan kasuwa da likitoci da lauyoyi suka zama masu sayen tikiti. Wannan sabon rukuni na son abin da zai bambanta shi da talakan da ke rawa a mashaya. Aka buɗe makarantun kiɗa, kamar ta Faris a 1795 da ta Leipzig a 1843, inda ake koyar da ayyukan manyan da suka gabata. Sannu a hankali jerin abin da ake kaɗawa ya cika da sunayen matattu: Haydn, Mozart, Beethoven, Schubert.

Ladabin sauraro ma ya sauya. A 1778 Mozart ya rubuta wa mahaifinsa daga Faris yana murna cewa jama'a sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kaɗa wani aikinsa. Zuwa farkon ƙarni na 20, wanda ya tafa tsakanin sashe da sashe sai a juyo ana harararsa. Aka gina zauruka na musamman don wannan shiru, irin su Wigmore Hall na Landan da aka buɗe a 1901, mai kujeru kimanin 550. Wani abin da ya ɓace a hanya shi ne kiɗa da ka. Mozart da Beethoven sun yi suna wajen zama gaban piyano su ƙirƙiri kiɗa nan take, amma jikokinsu a sana'a sun fito daga makaranta sun iya karanta kowace takarda, ba su iya jan layi biyu idan an ɗauke ta ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan rabo. Ya san makaɗin fada daban, mai kalangun mahauta daban, mai kiɗan noma daban, kowa da ubangidansa da filin da ya dace da shi, kuma ya san rabon ya shafi daraja, bai tsaya ga amon ganga ba. A Jamus har an shigar da rabon cikin lissafin kuɗi: GEMA, hukumar da ke karɓar haƙƙin marubuta kiɗa, ta daɗe tana raba kiɗa gida biyu, mai nauyi da na nishaɗi, kowane da ma'aunin biyansa. Kamfanonin faifai da gidajen rediyo suka ƙarasa aikin, kowane nau'i da kantarsa a shago da lokacinsa a iska.

Aro ya ci gaba, masu kaya na waje

Duk da katangar, marubuta ba su daina leƙa waje ba. Antonín Dvořák, ɗan ƙasar Cek, ya je New York koyarwa, inda wani ɗalibi baƙar fata, Harry Burleigh, ya riƙa rera masa waƙoƙin ibada na bayin Amurka. A 1893, a ƙauyen Spillville na jihar Iowa, ya rubuta kwatet ɗin da ake kira na Amurka. Maurice Ravel na Faransa ya kammala wani kiɗa na bayolin da piyano a 1927, ya gina sashensa na tsakiya bisa salon bulus na baƙaƙen Amurka.

Wanda ya fi kowa nutsewa shi ne Béla Bartók na Hangari. Ya riƙa bin ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya mai faifan kakin zuma, yana naɗar waƙoƙin manoma dubbai, yana komawa gida ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya. A 1913 ya kai har yankin Biskra na Aljeriya, kuma ana jin tasirin ganguna da kayan busan Larabawan can a sashe na biyu na kwatet ɗinsa na biyu. Bartók ya girmama abin da ya tarar, ayyukansa kuma na daga cikin mafi ƙarfi da aka rubuta wa goge huɗu. Sai dai ranar da aka fara kaɗa wannan kwatet a Budapest a 1918, Turawa huɗu ne a dandamali. Amon Biskra ya shiga zaure, mutanen Biskra ba su shiga ba. Haka aka yi ta yi fiye da shekara ɗari da hamsin: ana ɗauko kaya, ana barin mai kaya a bakin ƙofa.

Ƙofa ta fara buɗuwa

Bayan yaƙin duniya na biyu aka fara turo ƙofar daga waje. Ƙungiyar Modern Jazz Quartet, baƙaƙen Amurka huɗu ƙarƙashin jagorancin mai piyano John Lewis, suka sa kwat suka shiga manyan zauruka da jaz, suka nemi a saurare su da natsuwar da ake ba Bach. A 1957 Gunther Schuller ya yi kira da a samar da hanya ta uku tsakanin jaz da kilasika. Ƙungiyar Beatles ta sa goge huɗu a waƙar Yesterday a 1965, ta sa takwas a Eleanor Rigby a 1966, miliyoyin matasan da ba su taɓa taka zauren kilasika ba suka ji amon kwatet a rediyo.

Babban mataki shi ne haɗuwar Yehudi Menuhin, ɗaya daga cikin manyan masu bayolin na ƙarnin, da Ravi Shankar, gwanin sitar na Indiya. Sun yi wasa tare a bikin kiɗa na garin Bath a Ingila a 1966, faifansu West Meets East ya fito a 1967, kuma a ƙarshen shekarar suka yi wasa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Shankar ne ya tsara abin da suka kaɗa tare bisa ƙa'idar raga ta ƙasarsa, Menuhin ya zauna ya tanƙwashe ƙafa ya koya. Faifan ya ci kyautar Grammy, kuma a rukunin kiɗan ɗaki aka ba shi. Wannan karon mai kayan yana dandamali, sunansa na kan faifai, shi ne ma malamin.

Kronos

Wani dare cikin watan Agustan 1973, wani matashin mai bayolin a Seattle, David Harrington, ya ji wani kiɗa a rediyo da ya hana shi sakat. Black Angels ne, wanda George Crumb ya rubuta a 1970 ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Kwatet ne, amma an jona gogunan da lasifika. Yana farawa da ƙara mai tsinin gaske wadda ke sa tsikar jiki tashi. Can gaba makaɗan kan buga manyan farantan tagulla, su goga baka a bakin kofunan gilashi da aka zuba wa ruwa, su yi ihun ƙidaya da harsuna daban-daban, har da Jamusanci da Jafananci da Swahili. Harrington ya ƙudura sai ya kaɗa wannan abu, kuma saboda haka ya kafa ƙungiyar Kronos. Kiɗan farko da ya sa aka rubuta musu, tsohon malaminsa Ken Benshoof ne ya rubuta, ladan aikin kuwa jakar donot ce.

Daga 1978 ƙungiyar ta zauna a San Francisco, kuma kusan shekara ashirin mutum huɗu ne ba canji: Harrington, da John Sherba, da Hank Dutt, da Joan Jeanrenaud mai celo. Suka ajiye baƙin kwat, suka kawo fitilu masu launi da makirufo, suka ɗauki injiniyan sauti cikin ayarinsu. Mafi muhimmanci, suka yanke shawarar cewa rayayyun marubuta za su yi wa aiki, ko daga ina suka fito. A 1985 suka fitar da faifan kiɗan Thelonious Monk tare da Ron Carter, gwanin jaz. A 1986 suka naɗi Purple Haze ta Jimi Hendrix, suka riƙa rufe wasanninsu da ita, goguna na kururuwa irin ta jitar lantarki. Suka yi aiki da Astor Piazzolla, sarkin sabon tango na Ajantina, da Wu Man mai kaɗa pipa ta ƙasar Sin, da Asha Bhosle, wadda masu kallon fina-finan Indiya suka san muryarta ko da ba su san sunanta ba. Faifansu da ita ya fito a 2005, na waƙoƙin mijinta R. D. Burman. Zuwa yau an rubuta ko an tsara wa Kronos kiɗa fiye da dubu.

Afirka a dandamali

A 1992 Kronos ta fitar da Pieces of Africa, faifan da ya ƙunshi aikin marubuta bakwai daga nahiyar: Dumisani Maraire na Zimbabuwe, Hassan Hakmoun na Maroko, Foday Musa Suso na Gambiya, Justinian Tamusuza na Yuganda, Hamza El Din daga Nubiya ta Masar, Obo Addy na Gana, da Kevin Volans na Afirka ta Kudu. Yawancinsu sun shiga situdiyo da kansu: Suso da korarsa, Addy da gangunansa, Maraire da muryarsa. Faifan ya hau saman jadawalin mujallar Billboard a ɓangaren kilasika da kuma na kiɗan duniya, abin da ya nuna cewa masu sayen faifai ba su damu da kantocin da aka ware musu ba.

Aikin Hamza El Din ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi a 1929 a Toshka, ɗaya daga cikin garuruwan Nubiya da ruwan madatsar Aswan ya shanye. Kiɗan nasa, Escalay, yana siffanta keken ban ruwa na bakin Nilu, wanda shanu ke juyawa yini guda. Da ud ya fara tsara shi, shi kaɗai. Da aka raba wa goge huɗu, sai juyin keken ya fito fili: wannan na maimaita gajeren layi a ƙasa, wancan na hawa a kansa a hankali, wani na shigowa da nasa, har abin ya cika ya tumbatsa sannan ya lafa. Wanda ya saurara ya ji rayuwar garin da babu shi yanzu, daga hannun ɗan garin.

Shekara ashirin da biyar bayan haka, a 2017, faifan Ladilikan ya fito, haɗin gwiwar Kronos da Trio Da Kali na Mali. Su uku ne, dukansu 'ya'yan gidan jali, masu gadon waƙa da tarihi a ƙasar Mande: Hawa Kassé Mady Diabaté, 'yar shahararren mawaƙi Kassé Mady Diabaté, Fodé Lassana Diabaté mai balafon, da Mamadou Kouyaté mai babban ngoni, ɗan Bassekou Kouyaté. Harrington ya ji kamanni tsakanin muryar Hawa da ta Mahalia Jackson, sarauniyar waƙoƙin coci na baƙaƙen Amurka, sai aka ɗauko waƙoƙi biyu da Mahalia ta rera aka sa musu baitocin Bambara. A wannan faifai Kronos ce ke rakiya. Gogunan na shimfiɗa wa muryar Hawa wuri, wani lokaci su yi amo irin na ogan ɗin coci, wani lokaci su yi shiru su bar balafon da ngoni su yi zancensu. Ƙungiyar da ta yi suna a duniya ta yarda ta koma baya, kuma wannan ne ya sa faifan ya yi kyau.

Ba dole sai da kwatet ba. A 2009 Ballaké Sissoko mai kora da Vincent Segal, Bafaranshe mai celo, suka shiga situdiyon Salif Keita a Bamako cikin dare, suka naɗi faifan da suka kira Chamber Music. Babu hayaniya a cikinsa. Wani lokaci celo ne ke riƙe gindin kiɗan da fizgar yatsa kora na yawo a sama, wani lokaci su musanya.

Yadda ake aikin

Mai kallo na ganin minti goma na daɗi, ba ya ganin wahalar da aka sha kafin a kai nan. Matsala ta farko ita ce takarda. Makaɗin kwatet da ido yake koyo, jali kuwa da kunne, tun yana yaro a gaban iyayensa, kuma ba ya kaɗa abu ɗaya sau biyu iri ɗaya. Dole a sami mai shiga tsakani wanda zai saurari balafon ya rubuta abin da gogunan za su yi, ya kuma bar gurbi inda mai balafon zai sake jiki. A Ladilikan, Jacob Garchik ne ya yi wannan aiki, Lucy Durán kuma, wadda ta daɗe tana nazarin kiɗan Mande, tana cikin masu shirya faifan. Idan mai rubutun ya cika gurbin duka, ya ɗaure baƙon. Idan ya bar shi fayau, 'yan gida sun ɓata.

Ta biyu ita ce saitin amo. Piyano ya raba tsanin sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, kuma ba ya motsi daga nan. Balafon na gargajiya bakwai ya raba shi, tazarar kusan ɗaya. Maƙamar Larabawa tana da sautuka da ke faɗawa tsakanin maɓallai biyu na piyano, ragar Indiya kuma ta dogara ga zamewa daga sauti zuwa sauti. A nan goge ya fi piyano sa'a. Wuyansa sumul yake ba gaɓoɓi, yatsa na iya tsayawa ko'ina, don haka mai bayolin zai iya bin kowane saiti in har kunnensa ya koya. Wannan na cikin dalilan da suka sa akasarin haɗe-haɗen da suka yi nasara da goguna aka yi su.

Sai batun bugu. An horar da makaɗin kilasika ya ja lokaci ya sake shi gwargwadon motsin zuciya. A kiɗan Afirka ta Yamma da jaz da tango, bugun ƙasa ba ya gocewa, a kansa kowa ke wasa. Ƙwararren da ya yi shekara talatin yana kaɗa Beethoven na iya zama ɗan koyo a nan, kuma ba kowa ke jure wannan ba. Ƙungiyoyi irin su Turtle Island, wadda David Balakrishnan ya kafa a 1985, sun ɗauki wata hanya: duk membobinsu sun iya kiɗa da ka, har sun koyi sara baka a kan tsirkiya don ya ba da amon ganga.

Zauren ma ya canza

Wasu sun ga cewa ba abin da ake kaɗawa kaɗai ke korar mutane ba, har da wurin da dokokinsa. A Jamus aka fara Yellow Lounge a 2001, ana kai makaɗan kilasika gidajen rawa. A Landan, Gabriel Prokofiev, jikan shahararren marubucin kiɗa na Rasha, ya kafa Nonclassical a 2004. A New York aka buɗe Le Poisson Rouge a 2008, inda kwatet kan yi wasa yau, 'yan rok gobe. Groupmuse, da aka fara a Boston a 2013, ya mai da kiɗan falon gidajen mutane, wato inda ya fito. Batun kuɗi na ciki, ba a ɓoye ba: masu shirya wasanni na ganin furfura ta yi yawa a kujeru, suna neman matasa. Neman masu sauraro ba abin kunya ba ne, Haydn ma don a saya yake buga ayyukansa.

Inda abin ke lalacewa

Ba duk haɗi ne ke zama alheri ba. Akwai wanda ake yi don ado: a gayyato mai kora ya yi minti biyar cikin babbar riga, a ɗauki hoto, a koma ga Brahms. Akwai kuma ɗauko waƙar da ke tashe a juye ta kan goge huɗu ba tare da an ƙara mata komai ba. Tana da daɗin ji a wurin biki, amma ba ta koya wa kowa sabon abu.

Mafi nauyi shi ne batun haƙƙi. Idan aka rubuta “na gargajiya” a gaban kiɗa, kuɗin na tafiya ga wanda ya tsara shi a takarda, gidan da ya riƙe shi shekara ɗaruruwa ba ya samun ko sisi. A 2019 mawaƙan Inuit na arewacin Kanada, cikinsu har da Tanya Tagaq, sun soki ƙungiyar Roomful of Teeth kan amfani da salon waƙar maƙogwaro na matansu a wani aikin Caroline Shaw da ya ci kyautar Pulitzer a 2013, ba tare da an bayyana asalinsa yadda ya kamata ba. Ƙungiyar ta amsa, ta yi alkawarin ambaton malamanta da gyara yadda take biyansu. Koken na kan hanya, kuma shekara hamsin kafin nan da wuya a saurare shi.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a duba abu uku a kowane haɗi: sunan wa ke kan aikin, wa aka biya, kuma shin kowane ɓangare ya koyi abin da bai iya ba. Kronos ta yi ƙoƙari a nan da shirinta na Fifty for the Future da ta fara a 2015: sabbin kwatet hamsin, rabi daga mata rabi daga maza, an sa takardunsu a intanet kyauta don ɗalibai. Cikin marubutan akwai Lassana Diabaté, da Angélique Kidjo ta Benin, da Hawa Diabaté, wadda ta gina nata aikin, Tegere Tulon, bisa gaɗar 'yan matan ƙauyukan Mali. Ɗalibin bayolin a kowace ƙasa na iya sauke shi ya koya, sunan Hawa na saman takarda a gurbin da aka saba ganin na Mozart.

Masu tsoron kada tsofaffin ayyuka su rasa wuri suna da abin dubawa, domin kwatet ɗin Beethoven na ƙarshe na buƙatar shiru da haƙuri waɗanda gidan rawa ba zai bayar ba. Amma har yanzu ana kaɗa su a Wigmore Hall da takwarorinsa, kuma ba a ga alamar za a daina ba.

Sabon zubi

A wajen makaɗan da suka taso kwanan nan, ba sai an haɗa mutum biyu ba, mutum ɗaya ne ke ɗauke da gida biyu. Abel Selaocoe, wanda aka haifa a 1992 a Sebokeng ta Afirka ta Kudu, ya yi karatun celo a Manchester. A wasa ɗaya yakan kaɗa Bach, sannan ya rera da Sesotho cikin murya mai kauri daga ƙasan maƙogwaro, yana buga jikin celon, yana sa 'yan kallo su amsa. Faifansa na 2022 ya jera ayyukan Turai na ƙarni na 18 da nasa na kansa ba tare da neman uzuri ba. Kafin shi, Soweto String Quartet ta yi irin wannan a shekarun 1990, Yo-Yo Ma kuma ya kafa shirin Silk Road a 1998 don tara makaɗan Asiya da Turai da Amurka.

Wannan hanya tana da magabata a Afirka ta Yamma tun kafin a haifi Selaocoe. Fela Sowande na Najeriya ya rubuta African Suite don goguna a 1944, Akin Euba ya nemi yadda piyano zai yi magana irin ta gangunan Yarabawa, J. H. Kwabena Nketia na Gana ya rubuta kiɗan ɗaki bisa waƙoƙin Akan. Babi na gaba zai bi sawun waɗannan marubuta, daga cocin Legas da makarantun Landan zuwa zauren kiɗa na MUSON, don a ga abin da suka ɗauka daga Turai da abin da suka ƙi ɗauka.